Ƙuduji a Gonar Gwaggo

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma, babba da yaro. Gwaggo ta koma tun kakar bara, ana tsakiyar yankan dawa, amma sai yanzu na iya zama in rubuta wani abu a kanta. Takaici ne ya riƙe mini hannu, kuma har yau bai sake ni ba.

Ranar da aka kai ta, gidanmu na ƙauye, can gefen Daudawa, ya cika maƙil. Mata sun shimfiɗa tabarmi tun daga bakin rumbu har gindin murhu, ko wurin aje buta babu. Kowace ta shigo sai ta ɗaga murya don a san ta zo.

"Wayyo, mun yi rashin uwa!"

"Mai hannun albarka ta tahi. Wa zai dibi ƙahwahunmu bana?"

"Ni dai ban taɓa jin wanda ya ce ta ɓata mishi ba."

Wannan ta ƙarshen, Inna ce ta gidan tudu, matar maƙwabcinmu na gona. Ita ta fi kowa kuka, har ana riƙe ta. Na ɗaga kai na dube ta, na dubi bakin da ya faɗi maganar. Matar nan ta shekara ashirin tana hana jikokinta karɓar ko gyaɗa daga hannun Gwaggo. Ita ce in Gwaggo ta wuce ta bakin rijiya sai ta tofar da yawu a kaikaice. Yau ga ta tana fyace hanci da gefen zane, wai ta yi rashin uwa. Na yi tsaki a hankali, matar yayana ta zungure ni da gwiwar hannu.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni aka ba ta riƙo tun da aka yaye ni, a ɗakinta na girma har aka kai ni aure Ƙanƙara. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar shanu ba. Abu guda ta bari wanda babu mai irinsa a ƙauyen: gonar bayan gida, wadda babu tushen ƙuduji ko ɗaya a cikinta. Gonar nan ita ce aikin rayuwarta, ita ce kuma shaidarta a kan masu cewa da asiri take aiki. Ta bar mini amanar buhu uku a kan gonar, kuma zan zo kansu.

Wanda bai taɓa noma ba, idan ya ga ƙuduji zai ce a tumɓuko a shuka masa a ƙofar gida. Ciyawa ce siririya, tsawonta kamu ɗaya zuwa biyu, ganyen da kaushi kamar harshen kyanwa, furen kuma ruwan hoda, jere reras a kan kara, gwanin kyau. Tsofaffinmu suna ce masa gaugai, wasu su ce wuta-wuta. To, kyan nan na banza ne. Ba shi da saiwar da zai ci da kansa. Irinsa ƙanana ne kamar garin taba, tushe ɗaya ya zubar da abin da ba mai iya ƙirgawa. Sai ya kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru, ruwa ya sauka ya ɗauke, shi ko a jikinsa, har ranar da saiwar dawa ko gero ko masara za ta ratso kusa da shi. Nan zai farka ya cafke ta, ya yi ta tsotsa a ɓoye. Kafin ya leƙo sama, dawar ta tsugune, ganyenta ya yi kamar an gifta shi ta kan wuta.

Gwaggo ba ta kiran sunansa sai da tsaki. "Ƙazamin banza," in ji ta. "In kin ga hurenshi, ya riga ya ƙoshi. Ado ne yake yi miki bayan ya cinye tuwonki."

Yadda gonar ta zo hannunta ma abin kunya ne, kuma ba zan rufa wa namu asiri ba. Da aka zo rabon gadon kakanmu, maza suka zaɓe fadama da gonakin da ke da ƙarfi, suka tura mata ta bayan gida, don kowa ya san ƙuduji ya gama da ita. A lokacin in damina ta yi nisa, daga danga har iyaka ruwan hoda kake gani, dawar kuwa ba ta kai ƙugu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu rabon. Wai har da ce mata ta yi sa'a, gona kusa da gida ba sai ta sha tafiya ba.

Ta ɗaura ɗamara ta shiga.

Shekarar farko ba ta shuka dawa ba, auduga ta sa. Ta biyu gyaɗa. Mutane suna dariya, mace ba miji ba ɗa, maimakon ta nemi abin da za ta ci. Ita kuwa ta lura tun tana yarinya, lokacin da auduga ke da daraja a ƙasar Daudawa, cewa gonar da aka yi auduga a jere ƙudujinta yana raguwa. Takan ce shashasha ne: in ya ji saiwar auduga sai ya farka da murna, ya laluba bai samu abin kamawa ba, ya mutu da yunwa. Haka ta riƙa yaudararsa, bana auduga, baɗi gyaɗa, sannan ta sa dawa ta tsaya a kanta. Wanda duk ya leƙo, ta tumɓuke shi kafin ya yi fure. Kowace safiya tana bin kunyoyin gonar ɗaya-ɗaya, a sunkuye, har bayanta ya saba da lanƙwasa ya ƙi miƙewa. Ta jibga wa gonar taki, don ta ce ƙuduji ƙasar da ta gaji yake so. Sai da ta shekara goma sha biyar kafin a yi damina guda cur ba ta ga ko ɗaya ba.

Kuma ta zama mai tsiya a kan gonar nan, ba zan ɓoye ba. Ba ta ba da aron fartanya. In masu garmar shanu sun zo huɗa, sai ta tsayar da su a bakin iyaka, a kankare garma, a kankare kofaton shanu, kai har takalmin mai garmar sai an kakkaɓe. Wani ya taɓa ce mata, "Haba Gwaggo, masallaci za mu shiga?" Ta ce, "Masallaci in ka shiga da ƙasa shara guda ta isa. Kankare." Ta dasa ciyawar gamba a iyakarta da gonar tudu, don ruwan da ke gangarowa daga can kada ya kwaso mata iri. Ni kaina, da aurena da komai, na taɓa ratsowa daga gonar wasu na faɗa tata, ta sa na koma baya na wanke ƙafa a gaban mutane.

Abin dariyar shi ne, wannan ciyawar da ta tsana ita ce maganinta. Duk damina, in ruwa ya ci ƙafafun mutane, tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage yana wari, gidanmu ake zuwa. Masu makero a kai da masu ƙyasbi ma haka. Tana tsinko ƙuduji ɗanye tun bai yi iri ba, ta shanya a inuwa cikin ɗaki, a kan tsumma, ba a ƙasa ba. In ya bushe yakan koma baƙi ƙirin. Ta dake, ta tankaɗe, ta kwaɓa da man kaɗe. A wanke ƙafa da ruwan ɗumi, a tsane ta sarai, a shafa safe da yamma, kuma a daina kwana da takalmin roba a ƙafa. Ta ce a da masu rini ma suna karɓa a wurinta, suna zubawa a baba don shuni ya ƙara duhu. Amma ba ta ba kowa ya sha. Wasu masu magani suna jiƙawa su ba mutane, ita ta ce ba ta gani da idonta ba, ba za ta zuba wa ɗan mutum abin da ke kashe dawa a ciki ba. In ta ga ciwon ya ci nama ko ƙafar ta kumbura, ba ta ɓata lokaci: "Wanga ya hi ƙarhina. Ku tahi asibiti yau, ba gobe ba."

To tunda babu shi a gonarta, sai ta shiga gonakin mutane ta tsinko. Daga nan aka samo abin faɗa.

Shekarar da na zo wankan jegon 'yar farina aka yi rigimar. Baba na gidan tudu, mijin Inna, ya ga dawarsa ta tsugune, ta Gwaggo kuwa iyaka ɗaya da shi ta fi mutum tsawo. Ya kuma sha ganinta da sassafe a sunkuye cikin gonarsa. Sai ya kai ƙara wurin mai unguwa, wai tana kwashe ƙudujin gonarta da asiri tana turo wa tasa. Gwaggo ta ce ba za ta je zauren kowa ba, a zo gona a yi maganar. Aka zo. Ina leƙe ta saman danga da jaririya a kafaɗa.

Baba yana ta kumfar baki. "Ku tambaye ta mi take nema a gonata kullum! Mi ya sa nata ba ya hitowa? Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya!"

Gwaggo ta sa aka kawo ƙwarya da ruwa. Ta shiga gonarsa, ta zaɓi dawa guda wadda babu ko ciyawa a gindinta, ta tone ta da saiwarta gaba ɗaya, ta tsoma a ƙwaryar ta wanke a hankali. Ta ɗago ta miƙa wa mai unguwa. Ga su nan, farare fat, sun fi goma, manne da saiwar kamar kaska a kunnen kare, ko ƙasa ba su huda ba tukuna.

"Ranka ya daɗe, diba," ta ce. "Waɗanga ba jiya suka zo ba. Irin da ya bari ya zuba bara ne, da na bara waccan, da na zamanin ubanshi. Ni cire mishi nake yi, don in ya zuba a tashi, ruwa ya kawo mini. Ban taɓa ce ya biya ni ba. In asiri ne, ga asirin nan." Ta juya ta nuna musu bayanta. "Ya sunkuya shekara goma sha biyar, shi ma nashi ya kama."

Mai unguwa ya yi dariya, ya ce a tashi, magana ta mutu. Amma ba ta mutu ba. Mutanenmu, Allah ya shirye mu, sun fi son a ce asiri ne, don in asiri ne babu wanda za a ce ya sunkuya. Daga ranar aka fara janye yara in ta wuce.

Damina biyu bayan haka, na zo ganin gida, sai ga Inna ta gidan tudu ta shigo da tsakar rana lokacin da kowa yana gona, tana ɗingishi, ta naɗe ƙafa da tsumma. Da ta kwance, wallahi sai da na fita na tofar. Yatsun sun yi fari sun ruɓe, ƙudaje har sun gano. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran in ji Gwaggo ta wanke ta tas da baki. Sai na ga ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta ɗora ƙafar nan a cinyarta, ta wanke da hannunta, yatsa bayan yatsa.

Da matar ta fita na ce, "Gwaggo, wannan fa ita ce mai tofar da yawu in kin wuce."

"Na sani."

"Shi ne kika ɗora ƙafarta a cinya?"

"Ƙahwa ta kawo mini, ba baki ba. Miƙo mini sabulu."

Ƙafar ta warke. Bakin kuwa ya ci gaba da aikinsa, har ya ƙara da cewa ai dole maganinta ya ci, tunda ita ce uwar ciyawar.

Shekarun nan da gonakin nesa suka gagara zuwa saboda rashin tsaro, gonar bayan gida ita ta riƙe gidanmu. Fadamar da iyayenmu maza suka yi rububi a kanta tana can daji ya cinye, ba mai leƙa ta. Yayana, da matarsa da 'ya'yansa, dawar Gwaggo suke ci. Ban taɓa jin ya ce mata sannu da aiki ba, sai dai ya ce tsohuwa ta cika fitina a kan ciyawa.

Daminar bara ciwo ya kwantar da ita wata biyu. Baba na gidan tudu ya tsufa, 'ya'yansa sun watse, gonarsa ba mai kula. Da ta samu ta miƙe, ta dogara sanda ta je iyaka, ta ishe ƙudujin tudu ya yi fure ya gama, kawunan sun ƙosa suna shirin fashewa, dab da gambarta. Kwana huɗu ta yi tana yanka su ɗaya-ɗaya da wuƙa, tana sa kowane kai cikin buhu a hankali don kada ya girgiza. Ta cika buhu uku, ta ɗaure bakinsu tam, ta sa aka kai mata ɗaki. Da sauran danshi a jikinsu, ba za su ci wuta ba sai sun bushe. Wannan aikin ne ya mayar da ita kwance.

Na zo ranar wata Laraba bayan la'asar. Ta rame, amma idon nan yana nan. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba, ta nuna bayan ƙyaure.

"Ke ɗiyata, kin ga buhunan can?"

"Na gani, Gwaggo."

"Ba magani ba ne. Iri ne zalla. In sun bushe a gina rami, nesa da gona, a sa su da buhun da komai, a cinna wuta, a rufe. Kada a kwance bakin. Kada a zazzage don a ceci buhu. Kin ji ni?"

"Na ji. Ke ma za ki tashi ki ƙone abinki."

"Bar wanga zance. Yayanki ba ya ji, matarshi ba ta sani ba. Ke nake hwaɗa wa."

Na ce wallahi zan yi. Ranar Asabar ta cika.

Yanzu ga nawa laifin, kuma shi ya fi ci mini rai. Kwana bakwai na yi a gidan. Kullum ina ganin buhunan nan, na taɓa su na ji sun bushe ƙayau. Ranar sadakar uku har na ɗauko ashana. Sai na leƙa tsakar gida na ga matan nan zaune, Inna ta gidan tudu a tsakiyarsu, idanu kamar na kaji a bakin rumbu. Na ce a raina, in aka ga na fito da ƙulli uku daga ɗakin mamaciya, na gina rami na cinna wuta, kafin magariba gari ya ɗauka cewa ɗiyar riƙonta ta ƙone kayan asirin. Na ce bari ƙafa ta ɗauke, in na dawo arba'in na yi a natse. Na gaya wa kaina sunanta nake karewa. Ƙarya nake yi, bakin mutane na ji tsoro. Ban ma gaya wa matar yayana abin da ke ciki ba, don kada ta kai bakin rijiya. Na ja ƙyaure na hau mota na koma Ƙanƙara.

Ranar arba'in na ishe ɗakin a share fes. Bayan ƙyaure babu komai.

"Ina buhunan da ke nan?"

Matar yayana tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Au, na ciyawar nan? Ai mun sa dawa. Sabbi ne hwa, ga kaka ta zo buhu ya yi wuya."

"Abin da ke ciki fa?"

"Na zazzage a juji."

Na zauna a kan turmi. Jujin gidanmu shi ne takin gonar bayan gida. Na je na duba. Kaji sun tone, awaki sun tattake, an zuba toka da shara ta sati biyar a kai, ba ka bambance komai da komai. Saboda buhu! Buhu uku na roba, irin wanda ɓera ke hudawa a kwana ɗaya.

Na sami yayana a zaure na durƙusa, na faɗa masa komai, har da nawa sakacin. Na roƙe shi kada a kai jujin nan gona. A tona rami a binne, ko a tara kara a kai a ƙone.

Ya dube ni kamar na zare. "In binne taki? Bana da takin zamani ya hi ƙarhin kowa? Ke ma ciwon tsohuwar ya kama ki?"

"Yaya, iri ne. Shekara arba'in ta yi tana tsare gonar nan."

"Ita da bakinta ta ce taki shina kashe shi."

"Taki yana rage shi, ba takin da aka cika da irinsa ba!"

"To ji nan," ya ce, yana kakkaɓe hularsa. "Gonar nan wa ya gada, ni ko ke?"

Gaskiyarsa ce a shari'a: ɗan ɗan'uwa yana gado, ɗiyar ɗan'uwa ba ta yi, ko da ita ta wanke gawar. Na kai maganar wurin liman, ya ce taki dai halal ne, a yi haƙuri da juna. Da bazara yayana ya yi amalanke shida, ya baje jujin nan daga danga har iyaka. An ce har yana yaba kansa, bana gonar za ta ga gata.

Watan jiya na je, tare da 'yar farin tawa, wadda aka yi rigimar gona tana kafaɗata. A birnin Katsina ta yi karatu, can take aure, noma sai dai a mota ta gan shi. Ina cikin gaisawa ta zagaya bayan gida. Sai na ji ta ƙwala kira da murna.

"Mama! Mama, zo ki gani! Furanni sun fito a gonar Gwaggo!"

Na fita ba takalmi. Daga danga har gamba, ruwan hoda. Dawar da ya kamata ta rufe mutum ga ta nan iya ƙugu, ganye a ƙone. Ita kuwa ɗiyata tana tsaye a tsakiya, ta tsinki guda ta soke a ɗankwali, ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto.

"Wallahi alamar rahama ce, Mama. Bari in tura wa 'yan'uwa."

Ban taɓa jin ƙyamar abu mai kyau irin ta ranar ba. Na fizge furen daga kanta har da ɗankwalin. Ta tsorata, ta ce me ta yi. Ba ta yi komai ba. Ni ce na girma a ɗakin Gwaggo na haifi ɗiyar da ba ta san ƙuduji ba.

Yayana yana zaune gindin dalbejiya, ya haɗa kai da gwiwa. Rumbunsa ba zai kai su rani ba, ya sani na sani. Duk da haka da na dube shi sai cewa ya yi, "Shekara ce. Kowa ma ya samu." Na ɗaura ɗamara na shiga kunyar farko. Bai hana ni ba, bai kuma taso ba.

Ina cikin tumɓuka sai ga Inna ta gidan tudu ta ratso gamba da sandarta. Ta tsaya ta ƙare wa gonar kallo, tana gyaɗa kai kamar wadda aka biya wa bukata.

"Ikon Allah," ta ce. "Ai dama mun san za a yi haka. Mai abu ta tahi, abin ya kwance. Ko shekara bai rufa ba."

Na miƙe. Na faɗa mata da ƙarfi, yadda na gindin dalbejiya da na bayan danga za su ji. Na ce irin gonarku ne, na mijinki. Tsohuwa ta tashi daga ciwo ta yanke shi don kada ya zubo, shi ya kashe ta. Ta ce in ƙone, na ji tsoron bakinki na ƙi. Aka zazzage a juji don buhu, aka kwaso aka baje. Babu asirin da ya kwance, mu ne muka shuka shi da hannunmu.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "To, Allah dai shi ya san gaskiya." Yadda ta ja maganar na san ko kalma ɗaya ba ta shiga ba, kuma na san wadda za a ji a bakin rijiya gobe tata ce, ba tawa ba. Abin da na ƙi cinna ashana don gudunsa, shi ne ya zo ya sami Gwaggo a kabari.

Na ɗauka za ta tafi. Sai ta waiga hagu da dama, ta matso, ta sassauta murya. Ta zare ƙafa daga takalmin roba. Warin ya riga idona isa.

"Ɗiyata, kin dai ga yadda take haɗa maganin, ko? Tun farkon damina ba na barci."

Wallahi na so in tofa mata yawun da ta shekara ashirin tana tofarwa. Ya taru a bakina. Na dubi ƙafar, na dubi abin da ke hannuna, na haɗiye.

"Sai ya bushe," na ce. "Ki dawo ran Juma'a. Ki zo da tsumma mai tsabta."

Yau sati huɗu ke nan ina zuwa duk Litinin da Juma'a, in hanya ta yi kyau. Na gina ramin da ban gina bara ba. Abin da na cire kafin ya yi iri ya ƙone, amma na san abin da ke kwance a ƙasa ya ninka shi, yana jiran dawar baɗi da ta baɗin baɗaɗa. Na roƙi yayana ya sa waken suya ko auduga, ya ce zai duba. Shekarata hamsin, bayana ya fara ciwo tun sati na biyu.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta, ya miƙe mata bayan da ta lanƙwasa a kan abincin mutanen da ba su gode ba. Allah ya sa kowane tushe da ta cira ya zame mata lada. Ni kuma ya yafe mini, don ban san da idon da zan dube ta ba.

Ran Juma'ar da na sa mata, Inna ta zo. Na jawo kujerar Gwaggo, na ɗora ƙafar a cinyata, na kau da kai na wanke. Na buɗe gwangwanin man kaɗe na shafa mata. Tsawon shekaru Gwaggo tana shiga gonakin mutane neman na magani, ana zaginta, don babu ko ɗaya a tata. Bana ban shiga gonar kowa ba, a tata na tsinka.